Zuciyar Duna

Kiyashi ne suka fara gaya wa Saloma cewa karen ɗanta ba shi da lafiya. Tana sharar tsakar gida da safe ta gan su sun yi baƙi ƙirin a gindin katanga, daidai inda Duna ya saba ɗaga ƙafa ya yi fitsari. Ta watsa musu toka ta wuce. Washegari suka dawo, har sun fi na jiya. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana dubansu. Kunu da ƙosai take sayarwa a bakin tashar Zuru, ta san abin da ke tara kiyashi.

Saloma ita kaɗai ce a gidan. Mijinta soja ne, ya tafi yaƙin Laberiya, kayansa kawai aka dawo mata da su. A Zuru wannan ba sabon labari ba ne, da wuya ka shiga ɗaki ba ka ga hoton wani cikin kaki a bango ba. Ɗansu tilo, Haggai, ya tashi shi ma ya bi sawun ubansa, ba ta kuwa hana shi ba, don ta san ba zai hanu ba. Da daminar shekarar 2006 aka ce bataliyarsu za ta tafi Sudan aikin kiyaye zaman lafiya. Ya zo sallama da karensa a bayan a-kori-kura, ya sauko da shi, ya miƙa mata igiyar.

"Mama, ki riƙe mini shi har in dawo."

Duna baƙin kare ne mai faɗin ƙirji. Yana ɗan kwikwiyo Haggai ya tsince shi a gonarsu ta Manga, daga nan ya bi shi bariki-bariki, yana cin ragowar abincin sojoji, yana lasar shayi mai madara da sukari a murfin kwano, har ya yi ƙiba wuyansa ya ninke. Yanzu ya tsufa, bakinsa ya yi furfura. Saloma ba mai son kare ba ce, amma ta karɓi igiyar.

Bayan kiyashi sai ƙishirwa. Duna zai shanye ruwan kaskonsa, ya je ya tusa kai a bokitin wanke-wanke, ya dawo ya tsaya gaban randa yana kallonta. Ci kuma kamar an aiko shi, amma jikin sai zubewa yake yi. Kafin a gama girbin dawa haƙarƙarinsa sun fito ana iya ƙirga su, wata farar yana kuma ta fara rufe masa idanu. Ya soma karo da turmi, da murhu, da ƙafar gado.

Maƙwabta suka ce tsufa ne. Wani ya ba ta shawara ta kira masu sayen karnuka tun da sauran nama a jikinsa. Ta dube shi har ya sunkuyar da kai ya fita. Ranar da ba ta yi kunu ba ta ɗaura wa Duna igiya, ta ja shi a hankali zuwa asibitin dabbobi, suna tafe suna tsayawa a kowace inuwa.

Likitan da ta tarar sunansa Muntaka, mutumin Argungu, dogo, mai magana a hankali. Aikinsa kullum shanun Fulani ne da awaki da kaji, kare ba ya zuwa sai don allurar hauka. Mutanen da ke zaune a baranda suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa da suka ga tsohuwa ta jawo makahon kare. Shi bai yi dariya ba. Ya sa safar hannu, ya tsuguna, ya buɗe bakin karen ya shinshina, ya sa aka tari fitsarinsa a gwangwani, ya tsoma wata siririyar takarda. Nan take launinta ya juya.

Ya ce mata ciwon sukari ne, irin wanda mutane ke yi. Saloma ta ce ita ba ta taɓa jin dabba ta yi ciwon masu kuɗi ba. Ya ce jini jini ne, Inna, na kare da na mutum duk ba sa ɗaukar zaƙin da ya wuce kima. Bai ɓoye mata komai ba: ciwon ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi da allura safe da yamma har iyakar rai, maganin kuma ba ya son zafi, sai an ajiye shi a firij. Ya ce mutane da yawa a nan za su tsaya, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Saloma ta ce ya koya mata allurar.

Firij ɗin da ta sani guda ne, na Josephine, wata 'yar ƙabilar Ibo mai kemis kusa da kasuwa, wadda suke zuwa coci ɗaya. Josephine ta saurare ta da baki buɗe, ta ce a duk shekarunta a Zuru ba ta taɓa sayar wa kare allurar sukari ba, alhali ga mutane suna zuwa su tambayi farashi su juya. Amma ta aika Kontagora aka kawo, ta ba kwalbar wuri a bayan lemon kwalba. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, Saloma takan ɗauko kwalbar ta naɗe ta a leda, ta binne a jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin randa. Akuyoyinta biyu suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ba su dawo ba.

Da farko abin ya yi kyau. Ƙishirwar ta ragu, kiyashi suka watse, Duna ya ɗan murmure. Ganin dai bai dawo ba, amma ya haddace gidan da hanci, har yakan fita ƙofa ya yi wa masu babur haushi. Wani lokaci ran Lahadi bayan an taso coci Haggai yakan kira wayar Josephine. Muryarsa tana zuwa tana yankewa, kamar daga cikin rijiya. Yakan tambayi lafiyarta, ya tambayi gona, daga ƙarshe ya tambayi Duna. Ita kuma takan ce yana nan. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ta taɓa ƙara kalma a kan haka ba.

Da bazara ta kama, wata rana ta dawo daga tasha ta tarar da jini ɗigo-ɗigo daga bakin ɗaki har gindin mangwaro. Duna na kwance, hancinsa yana haɓo, idonsa na hagu ya yi ja kamar gauta. Wannan karon Muntaka ne ya zo gidan a kan babur. Ya aro ma'aunin hawan jini na jarirai, ya ɗaura wa karen a ƙafar gaba, ya gwada ya sake gwadawa. Ya ce ma'aunin ba na dabbobi ba ne, ba zai rantse da lambar ba, amma idon da hancin sun riga sun faɗi gaskiya: jinin ya hau. Sukarin ya taɓa ƙoda, ƙodar kuma ta tayar da jini. Sai ya ɗora abin saurare a ƙirjin karen ya daɗe bai ɗaga kai ba.

Saloma ta kawo masa kujera ya ƙi zama. Ya tambaye ta ko ta san zuga-zugin maƙera. Ta ce kakanta maƙeri ne. Ya ce to, zuciya haka take, fata ce mai buɗewa ta cika, ta matse ta tura. Hawan jini yana sa ta tura da ƙarfi fiye da yadda aka halicce ta, sai namanta ya yi kauri kamar damtsen mai daka. Shi kuwa sukari yana busar da naman, ya sandare, ya kuma toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciyar. Ga nama ya ƙaru yana neman abinci, ga hanyar abincin ta tsuke.

"Ɗaya daga cikinsu, Inna, ana kai shekaru da shi. Amma in sun haɗu ga jiki guda, kowane hanzarta ɗan'uwansa yake yi. Wanga kare zuciyarsa ta fara gajiya."

Ya rubuta mata ƙwayoyi, na sauke jini da na fitar da ruwa, ya ce ta daina sa gishiri a abin da take ba shi. Ta riƙa dafa masa nasa daban a ƙaramar tukunya, wake da ganye da ɗan kifi, ta tura ƙwayar cikin loma ta rufe masa baki har ya haɗiye.

Damina ta sauka, duwatsun Zuru suka yi kore, shi kuwa Duna ya fara tari. Wani busasshen tari ne, kamar ƙashi ya tsaya masa a wuya. Cikinsa ya soma kumbura, sauran jikin kuma yana ƙara bushewa, har ya zama kamar tulu a kan sanduna huɗu. Ya daina fita ƙofa. Daga gindin mangwaro zuwa kaskon ruwa sai ya huta a hanya. Abin da ya fi damun Saloma shi ne ya daina kwanciya. In ya kwanta numfashi ya ƙi, sai ya zauna a kan gindinsa, ƙafafun gaba a ware, wuya a miƙe, baki a buɗe, yana gyangyaɗi a zaune har kansa ya faɗi ya farka a firgice. Harshensa da ta sani ja ya koma kamar toka.

Wata safiya ya ƙi cin abinci, ita kuma ta yi masa allura kamar kullum don kada ta saɓa. Ba ta gama ɗora tukunyar kunu ba ta ji faɗuwarsa. Yana shure-shure, kumfa na fita, idanun sun juye. Ta tuna likita ya taɓa ce mata in ta ga haka sukarin ne ya faɗi ƙasa, ta ruga ta ɗauko zuma ta riƙa shafa masa a dasashi da yatsa. Haƙorinsa ya tsaga mata yatsan, ba ta ji ba sai daga baya. Ya farfaɗo, ya lashi hannunta, jinin da zumar duka. Ranar ba ta je tasha ba, kunun ya yi tsami a tukunya.

Muntaka ya zo ya zuƙe ruwan cikin da babban sirinji, ruwa mai launin fitsari, ya kusa cika kwanon sha. Duna ya sami sauƙi, ya kwanta ya yi barci, Saloma ta zauna tana kallonsa kamar mai jego. Kafin mako ya zagayo cikin ya sake cika.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen damina, rediyo ta ce an kai hari wani sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya a Sudan, an kashe 'yan Nijeriya, ba a faɗi sunaye ba. Garin ya yi tsit. Mata suka riƙa taruwa a shagon Josephine suna kallon wayar da ke kan teburin shagon. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, Haggai bai kira ba. Saloma ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Takan je ta karɓi kwalbarta, ta dubi fuskar Josephine, Josephine ta girgiza kai, ta juya gida.

A cikin kwanakin nan ne Muntaka ya zo zuƙar ruwa karo na uku. Da ya gama ya wanke hannu, ya tsaya yana duban karen yana kokawa da numfashi. Ya ce mata, da murya ƙasa, akwai allurar da ake yi wa dabba ta yi barci ba ta farka ba, babu zafi, kuma a ganinsa lokacinta ya yi. Ya ce abin da suke yi yanzu ba magani ba ne, jan wahala ne.

Saloma ta tashi ta tsaya tsakaninsa da karen. Ta ce ba a gidanta ba. Ya fara yi mata bayani, ta ce ta ji, ta gode, amma ba a gidanta ba. Bai gane dalilinta ba, ita kuma ba ta iya faɗa ba. Tun ranar da rediyo ta yi magana wani tunani ya shige ta ya ƙi fita: muddin karen nan yana jan numfashi, ɗanta ma yana ja. Ta san ba haka aka koya mata a coci ba. Ta yi addu'a a kan tunanin, bai tafi ba. Duk safiya kafin ta wanke fuska sai ta leƙa gindin mangwaro ta ga ƙirjin yana ɗagawa, sannan ta kama aikin ranar.

Haggai ya kira daga baya. Ba sansaninsu ba ne, amma su aka tura kwashe mutane, an kuma hana su waya. Maganarsa gajera ce. Bai tambayi gona ba, bai tambayi Duna ba. Ya ce suna hanya kafin Kirsimeti.

Ya iso da la'asar, ana shirye-shiryen bikin Uhola, bikin girbi na mutanen Zuru, ana jin ganguna daga nesa. Ya rame, ya yi baƙi, jakarsa a kafaɗa. Saloma ta rungume shi ta ji jikinsa a sandare kamar icce. Ya yi magana, kalma biyu ko uku, sai suka ji motsi a gindin mangwaro. Duna ya ji muryar. Ya yunƙura ya miƙe, jelarsa tana kaɗawa, ya taho yana tangaɗi da ƙaton cikinsa, fararen idanunsa suna duban inda ba kowa. Bai kai rabin tsakar gida ba ƙafafun suka lanƙwashe, ya faɗi, fitsari ya zubo masa. Jelar dai ba ta daina bugun ƙasa ba.

Haggai ya ajiye jaka ya durƙusa. Ya shafa kan karen, ya shafa haƙarƙarin, ya ga tabon allura a wuya da kafaɗa, wuri bayan wuri. Ya ɗora tafin hannu a ƙirjin ya saurara.

"Tun yaushe yake haka?"

Ta ce tun damina. Ta soma ba shi labarin kiyashi, da likita, da firij ɗin Josephine, da akuyoyi. Bai ɗago ya dube ta ba.

"Mama, me ya sa kika bar shi yana wannan wahala?"

"Kai ka ce in riƙe maka shi."

"Ban ce haka ba. Ba haka na ce ba."

Daga bisani ta ce, a hankali, ta ji tsoro ne in karen ya tafi shi ma ba zai dawo ba. Sai Haggai ya ce a can ya zauna da wani abokinsa da aka harba a ciki, tun hantsi har rana ta faɗi, abokin yana roƙonsa ruwa, yana roƙonsa ya ƙarasa shi, abin da ba zai iya yi masa ba. Ya tashi ya tambaye ta inda likitan yake.

Muntaka ya zo washegari da safe. Haggai ya zauna a ƙasa ya ɗora kan Duna a cinyarsa, yana yi masa magana da yarensu na C'lela, irin maganar da ake yi wa yara. Likita ya nemi jijiya a ƙafar gaba, da ƙyar ya samu. Saloma tana tsaye a bakin madafa. Ta ga ƙirjin ya ɗaga, ya sauka, ya ɗaga kaɗan, sai wuyan da ya yi watanni a miƙe ya saki. Ta juya ta dubi ɗanta. Yana nan zaune, yana numfashi, ƙuda na yawo a kafaɗarsa.

Da likita ya haɗa kayansa sai ya ce yana da roƙo, in ba su so ba ya janye. Bai taɓa bin irin wannan ciwo a kare tun daga farko har ƙarshe ba, yana so ya ga zuciyar da idonsa, ko ta amfani wata dabbar gaba. Haggai ya ɗaga kafaɗa ya ce ya yi, ya ɗauki diga ya zaga bayan gida. Muntaka ya ce wa Saloma ta shiga ɗaki. Ta ce a'a, ita ta yi jinya, za ta gani.

Ya shimfiɗa buhu ya yi aikinsa. Ruwa ya fara zubowa, mai yawa, ƙasa ta shanye. Huhun ya jiƙe ya yi nauyi, in ya matsa sai kumfa. Ya ciro zuciyar ya ɗora a faranti ya raba ta biyu. Saloma ta sha gyara kayan cikin akuya, ta san yadda zuciya take, ja, mai santsi, mai laushi a hannu. Wannan ta yi girma, ta koɗe, da wasu fararen zare-zare a cikin naman kamar jijiya. Bangonta ya yi kauri har ramin da jini ke shiga ya tsuke, da ƙyar ɗan yatsa zai shiga. Likita ya ce ta taɓa in tana so. Ta danna da yatsan da karen ya tsaga mata. Naman bai lotsa ba.

Ta tambaye shi ko da ta kawo shi da wuri da ya tsira. Ya ce a'a, da ya ɗan ƙara kwana ne kawai. Ta tambaye shi ko yana jin zafi duk watannin nan. Muntaka ya dubi farantin, ya ce zafi kamar na rauni, wataƙila babu sosai. Amma ya ce numfashin kamar na wanda ruwa ke ci ne, kullum, ba ya nutsewa ba ya fita. Ta gyaɗa kai. Ita ta tambaya.

Suka mayar da zuciyar cikin ƙirjin, suka naɗe shi a buhu. Ƙasar bayan gida ta bushe ta yi tauri, Haggai ya daɗe yana sara kafin ramin ya yi zurfi. Ya binne shi, ya jera duwatsu a kai saboda aladun unguwa, ya wanke hannu ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ta dafa tuwon dawa da miyar da ya fi so, ta ajiye a bakin ƙofar. Da yamma ta ɗauke kwanon kamar yadda ta ajiye shi.

Bai je kallon Uhola ba. Abokansa suka zo ya ce a ce yana barci. Bai sake ta da maganar karen ba, bai yi mata faɗa ba, bai kuma ce ya gode ba. Yakan gyara mata rufin ɗaki, ya faskara icce, ya zauna a zaure yana kallon hanya. Bayan sabuwar shekara takarda ta zo, an tura su kudu, wajen rijiyoyin mai. Ta raka shi tasha, wurin da take sayar da kunu. Da motar ta cika ya leƙo ta taga ya ce ta kula da kanta, zai kira.

Ta tsaya har motar ta sha kwana. Wata mata daga Mahuta ta taɓa ta a kafaɗa ta tambaya ko yau babu kunu. Saloma ta ce akwai, ta koma ta zauna, ta buɗe robar ta ɗauki ludayi.